Ruwan rufina ya kayar da katangar maƙwabcina, ga shi da rani sayen ruwa nake

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Kano. Shekara shida na yi ina gina gida da kaɗan-kaɗan a wata sabuwar unguwa ta bayan gari, fili ƙafa 50 da 75, ɗaki uku da falo. Bara da kuɗin haya ya ƙare muka tare, ko fenti ba a yi ba. Lokacin da na sa fandisho babu kowa a layin sai wani dattijo a gefena mai gidan ƙasa, wanda tun wurin yana gonaki yake zaune. Yanzu layin ya cika, kuma duk wanda ya zo sai ya yi ciko ya ɗaga gidansa, har hanyar ma ta fi tsakar gidana tudu. A watan Agusta ruwa ya shigo mana ta ƙofar gida cikin dare, ya cika tsakar gida har ya fara leƙa falo, muka kwana kwasa da bokiti. Har yau gindin bangon ɗakunan da danshi, filasta na zubewa. Abin da ya fi damuna, rabin rufina ta wajen dattijon nan yake zuba, ya jiƙa masa katanga har wani sashe ya faɗi. Shi bai ce mini uffan ba, amma ɗansa ya zo ya gaggaya mini magana, ni ma na rama. Tun daga ranar gaisuwa ta yanke, har a masallaci kauce wa juna muke. Ga kuma rani: mu bakwai ne, kullum jarka shida muke saya wajen 'yan garuwa. Na ɗauki adashi, amma kuɗin ba zai yi komai da komai ba. Maiɗakina ta ce a sayi babban tanki a riƙa tarar ruwan sama, ko a haƙa burtsatse. Maginina ya ce a malale tsakar gidan da siminti, shi ke nan. Yayana ya ce in gina tankin siminti a ƙarƙashin ƙasa. Da wanne zan fara, ga damina na ƙaratowa?

Wani malamin makaranta, Kano

Wa'alaikumus salam, Malam. Allah ya sanya albarka a gidan. Wanda ya taɓa gini da albashi ya san abin da shekara shida ke nufi, buhu biyu yau, bulo ɗari wata mai zuwa, don haka ba zan tsaya yi maka faɗan abin da ya kamata a yi tun farko ba. An ce tun ran gini ran zane, to zanen ya wuce mu, sai gyara.

Mutum ukun da suka ba ka shawara kowa da abin da ya tsaya masa a rai. Uwargida wahalar rani take gani, don ita ke lissafin jarka. Magini taɓon tsakar gida yake gani, kuma aikin siminti shi ne abincinsa. Yayanka shekara goma yake hange. Babu wanda ya taɓo katangar da ta faɗi, alhali a nan ya kamata a fara. Kafin ka sayi ko buhun siminti ɗaya, ka shiga gidan dattijon nan.

Ruwan da ya sauka a kan rufinka naka ne, kai ke da alhakin nema masa hanya. Ka san hadisin da ya ce babu cuta babu cutarwa, kuma malaman fiƙihu sun daɗe da tattauna batun indararon da ke zuba a jikin bangon maƙwabci. Shirun da Baba ya yi kawaici ne irin na manya, kada ka ɗauke shi yafiya. Ka nemi liman ko wani dattijon layin ya raka ka bayan la'asar, ka durƙusa ka ce, "Baba, ruwana ne ya yi maka ɓarna, na zo ba da haƙuri, kuma in ji yadda za a tayar da katangar." Kada ka kawo zancen ɗan nasa, ko da shi ya fara. Yaro ya ga katangar ubansa a ƙasa, in da kai ne ma da wuya ka yi shiru. Zai yiwu Baba ya ce a bar shi, babu komai. Kada ka bari. Kuɗin tayar da wannan sashen shi ne abu na farko da zai fita daga adashin, kuma in ya amince a sa masa layi biyu ko uku na bulo ko dutse a gindi kafin a ɗora ƙasa.

Akwai kuma wata riba a wannan ziyara da ba ka lissafa ba. Mutumin da ya zauna a wurin tun yana gona ya san ƙasar fiye da duk injiniyan da za ka ɗauko. In an gama gaisawa zukata sun sauka, ka tambaye shi: da can in an yi ruwa ina yake bi? Ina yake kwanciya, kwana nawa yake yi kafin ya tsotse? Da suka haƙa rijiya ko masai, yashi suka tarar ko yumɓu ko marmara, a gaba nawa? Ruwa ba ya barin hanyarsa don an yanka fulotai a kanta. Amsar da zai ba ka ita za ta nuna maka kusurwar da za ka karkata komai.

Yanzu mu yi lissafi, tunda sana'arka ce. Milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce cif. Ba ka faɗi girman rufin ba, amma ɗaki uku da falo da kicin da banɗaki zai kai kamar mita 12 da 10, murabba'i 120 ke nan (ka auna naka daga ƙasa, tsawo da faɗi har bakin kwano, ka gyara lissafin). Ruwa mai ƙarfi guda ɗaya na Agusta, irin mai kai milimita 50, zai sauke lita 6,000 a kan wannan rufin. Jarka 240 ke nan mai lita 25, ko duro 30 mai lita 200. Rabinsa, duro 15, shi ke sauka a gindin katangar ƙasar Baba a dare guda. Filin gaba ɗaya kuwa ya kusa murabba'in mita 350, yana karɓar lita 17,000 da ɗoriya, ban da na hanya da ke shigo maka ta ƙofa.

Ka ga inda shawarar magini ta karye. A yanzu ƙasar tsakar gidanka tana shanye wani kaso na wannan ruwan. In ka malale ta da siminti babu ɗigon da zai nutse, duka sai ya nemi mafita, mafitar kuma ta fi gidan tudu. Ka mai da gidanka baho da kuɗinka.

Tankin uwargida ma ga nasa lissafin. Kano kan samu ruwan da ya kai milimita 800 ko fiye a shekara, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba. A rufinka lita 96,000 ke nan. Cire kashi ɗaya cikin biyar na fantsama da wankin rufi, saura kamar 77,000. Gidanka na cin lita 150 a rana, wajen 55,000 a shekara. A takarda rufin ya ishe ku har da rara. Matsalar ita ce a wata huɗu yake zuwa, rani kuma wata bakwai zuwa takwas ne. Tanki mai lita 5,000, wanda a ido ƙato ne, ruwa ɗaya mai kyau zai cika shi, sauran ya malala, kuma in damina ta ɗauke kwana 33 zai yi muku. Kafin ku ƙetare daga Oktoba zuwa Mayu sai kun ajiye lita 36,000, irin wannan tankin guda bakwai. Saboda haka tanki ba zai hana ambaliya ba, ba kuma zai raba ku da 'yan garuwa a watan Maris ba. Abin da zai yi shi ne ya sauke muku sayen ruwa duk tsawon damina da 'yan makonni bayanta, jarka 700 da wani abu a shekara. Ka buga da farashin jarka a unguwarku ka gani, ba ƙaramin kuɗi ba ne. Kuma don wannan aikin mai lita 3,000 ya isa, domin ko an yi mako biyu ba a yi ruwa ba lita 2,100 kuke bukata.

Kafin a taɓa komai sai an san tudu da kwarin gidan, kuma ido yana yaudara. Ka ari siririn tiyon nan mai haske da magina ke awon daidaito da shi, mai kamar mita 20. Ka cika shi da ruwa, ka tabbata babu kumfar iska a ciki. A jikin ƙofar falo ka auna mita ɗaya daga daɓe ka yi zane da gawayi. Yaro ɗaya ya riƙe baki ɗaya a nan, yana kula ruwan ya tsaya daidai kan zanen, kai kuma ka ɗauki ɗaya bakin kana zagayawa: bakin ƙofar gida, tsakiyar hanya, kusurwa huɗu na tsakar gida, gindin katangar Baba, da wurin da ya nuna maka ruwa ke bi. Ko'ina ka tsaya, ka jira ruwan tiyon ya natsu, ka auna daga inda ya tsaya zuwa ƙasa ka rubuta. Inda lamba ta fi girma nan ya fi kwari. Inda ta gaza mita ɗaya, wurin ya fi daɓen ɗakinka tudu. Aikin hantsi ɗaya ne, ba ya cin ko kwabo.

In ka tarar daɓen ɗakunan ya ɗara hanya sosai, kana iya yin ciko da jar ƙasa har tsakar gida ta karkata zuwa ƙofa, da sharaɗin ka bar aƙalla santimita 15 tsakanin sabuwar ƙasar da daɓen, wato faɗin bulo mai inci shida. Amma yadda ka ce ruwa har ya leƙa falo, ina zaton tazarar ba ta kai ba. In haka ne kada ka shiga gasar cikon da maƙwabtanka ke yi. Ƙasar da aka jibga ta haura layin dipisi, wato shimfiɗar da magina ke sawa a gindin bango don tare danshi, ita ke tura danshi cikin bango, sai ka tsere wa ruwan dare ɗaya ka auri na shekara.

Ruwan hanya maganinsa a bakin ƙofa yake. A gina tudun kankare a ƙofar gida, mai gangara ciki da waje yadda babur zai hau, ya ɗara shatin da ruwan bara ya bari a jikin katanga. Ka duba kuma rariyar gidan: a gida mai kwari, rariyar da aka yi don fitar da ruwa ita ke shigo da shi, a toshe ta. Kwatar ƙofar gida kuwa ba aikin mutum ɗaya ba ne. In kai kaɗai ka haƙa a gabanka, ba ta haɗu da ta kowa ba, ka yi wa leda da sauro masauki. Ku sami mai unguwa a yi gayya, ko da haƙa ce kawai bana, a bi da ita har inda layin ke zubarwa. Wannan ita ce cutar sababbin unguwannin Kano, kuma ko a cikin birni an cike kududdufai da dama da a da ke karɓar ruwan unguwa an yi gini a kai.

Ruwan rufi shi ne inda kuɗinka zai fi yin aiki, don yana da abin da na tsakar gida ba shi da shi. Yana sama, kusan mita uku daga ƙasa. Muddin ka tare shi tun a bakin kwano, ba ruwanka da cewa tsakar gida ta fi hanya kwari, kana iya tafiya da shi a cikin bututu ta jikin bango, yana gangara a hankali, har gaban gida. A can kusa da ƙofa ka ajiye tankin. Ruwa ya shiga ta sama, in ya cika rarar ta fita ta wani bututu daga wuyan tankin, wanda shi ma ya fi hanya tsayi, ya huda katangar gaba ya zuba a kwata. Da aiki ɗaya katangar Baba ta huta, tsakar gidanka ta rage lita 6,000 a kowane babban ruwa, uwargida ta sami tankinta.

Sai dai aikin na da wuraren da ake ha'inci. Makwararin da za a liƙa a bakin rufi, na roba ne ko na alminiyam, ya zama mai faɗi da zurfi. In ruwa ya tsuge da gaske, irin wanda in ya ɗore awa guda zai kai milimita 100, rufinka na zubar da sama da lita uku a daƙiƙa, jarka guda cikin daƙiƙa takwas. Ɗan siririn makwarari ruwan tsallake shi zai yi ya koma inda ya saba. Kowane gefe na rufin a ba shi bututunsa mai inci huɗu, kada a yarda da mai inci biyu don arha. Gangarar makwararin kamar santimita ɗaya a kowace mita biyu, a ja igiya a bi ta. Maƙalan da ke riƙe shi kada tazararsu ta wuce mita ɗaya, in da hali ƙasa da haka, a kan katako mai lafiya, domin iskar farkon damina da ke yaye rufi ba za ta ƙyale abin da aka ɗaure da waya ba. Ta gefen Baba a fara. Kuma kafin ka biya mai aikin cikon kuɗinsa, ya hau tsani ya juye bokiti biyu a can ƙarshe kana kallo, ka ga ruwan ya tafi duka ko ya kwanta a tsakiya.

Maginan da, masu soro da azara, sun fi mu kula da wannan. Dubi tsofaffin gidajen cikin birni, indararonsu dogo ne, yana jefa ruwa can nesa da gindin bango, kuma kowace shekara kafin damina ana hawa a yi yaɓe a share bakinsa. Mu muka zo da kwano muka sake shi yana zuba inda ya ga dama. Wasu kuma yanzu suna yayin ɓoyayyen rufi mai makwararin kankare a bayan bango, leda ɗaya ta toshe bakin bututu ruwa ya dawo ta silin. Kai dai ka gode Allah naka a fili yake, ana gani ana gyarawa.

Tankin kansa nauyi ne. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, mai lita 3,000 in ya cika tan uku ke nan. A yi masa dandamali na bulo cike da kankare, mai fandisho, samansa sumul kuma ya ɗauki gindin tankin gaba ɗaya, tsayinsa layi biyu ko uku yadda bokiti zai shiga ƙarƙashin famfo. Ka auna tukuna ka tabbata bakin tankin bai haura bututun da ke kawo ruwa ba, in rufin gajere ne ka nemi tanki mai faɗi gajere. Bututun rara kuwa girmansa ya zama daidai da na shiga. A nan ni na sha tawa. Mai aikin da na sa ya shigar da ruwa da inci huɗu ya fitar da rara da inci ɗaya, ni kuma ban kula ba. Daren da malka ta sauka ruwa ya riƙa ambaliya ta murfi yana bin jikin tankin, ya zaizaye ƙasar gindin dandamalin, da safe na tarar tankin ya karkace ya tsage a wajen famfo. Tunda kai gefe biyu za ka haɗa, ko dai ka faɗaɗa mafitar, ko ka bar gefe ɗaya ya shiga tanki ɗaya gefen ya wuce kai tsaye kwata. Rabin rufin ma ya ishi tanki mai lita 3,000.

Batun tsabta. Rufin da ya kwana wata bakwai yana shan ƙurar hunturu da kashin tattabaru da na ƙadangare ba a tarar ruwansa na farko. Ruwa biyu ko uku na farkon damina a sake su su tafi. Mafi sauƙi shi ne a bar gwiwar bututu ɗaya ba a sa mata gam ba, ana juya ta da hannu. Bayan nan ma kowane ruwa na da datti a goshinsa, kamar lita ɗaya a kowane murabba'in mita. Wasu kan sa ƙaramin duron roba mai murfi a kan hanya, da mahaɗa mai baki uku, ruwan farko ya faɗa ciki, in ya cika sauran ya zarce tanki, bayan an ɗauke a buɗe ƙasansa a ba shuka. Yana aiki in akwai mai tuna zubarwa, ka ɗora wa yaro ɗaya. A sa raga a mashiga da mafita, don sauro daga ƙwai zuwa mai cizo bai fi mako guda zuwa kwana goma ba a zafinmu. Tankin ya zama baƙi ko mai kauri da haske ba ya ratsawa, in ba haka ba gansakuka za ta fito. Wanki da wanka da wanke-wanke duk ya yi. Na sha kuwa a tafasa ko a sa maganin kulorin da ake sayarwa a kemis bisa ƙa'idar da ke jikin kwalbar. Murfi a rufe kullum, haka duk wani duro, gida ne mai yara.

Saura ruwan da ke sauka a tsakar gida kai tsaye, wajen murabba'in mita 230. Simintin da magini ke so a ba shi, amma ɗan kaɗan: daɓe mai faɗin kamar mita ɗaya zagaye da ginin, mai gangara waje, santimita biyu a mita, sai 'yar hanya daga ƙofa zuwa falo da wurin wanke-wanke. Sauran a bar shi ƙasa, a zuba yashi ko tsakuwa saboda taɓo, a karkata shi zuwa kusurwar da tiyo ya nuna ta fi kwari, in dai ba jikin katangar Baba ba ce. A wurin ka gwada ƙasar. Haƙa rami zuwa ƙugu, cika shi da ruwa, in ya tsotse ka sake cikawa, na biyun shi ne gwajin. In ya shanye cikin 'yan awoyi ƙasarka mai sha ce. In washegari ka tarar da shi yana kallonka, yumɓu ne ko marmara.

In mai sha ce, a haƙa ramin tsotse ruwa, nesa da ginin ka da na maƙwabta kamar mita biyar. Ramin da aka cika da duwatsu kashi ɗaya cikin uku kawai na girmansa yake ɗauka, wanda aka zagaye da bulo ana barin ƙofofi aka rufe da silab kuwa yana ɗaukar cikinsa duka. Kada a haɗa shi da sokawen banɗaki ko da magini ya ce ai duk rami ne. Ruwan sama ɗaya zai cika sokawe ya dawo da ƙazanta tsakar gida, kuma ta irin wannan hanya kwalara ke shiga unguwa da damina. Ka tambayi Baba inda rijiyarsa take: ana son masai da sokawe su nisanci rijiya da mita 30, abin da fulotanmu ba sa bayarwa, to aƙalla kada a ƙara matso da su. Kusa da ramin ka yi ɗan kwari mai faɗi ka dasa ayaba da gwanda da zogale, suna shan ruwa kuma saiwarsu ba ta fasa gini. Darbejiya da mangwaro a waje ko can nesa da bango.

In kuwa ƙasar ba ta sha, hanya biyu ce. Ko ƙaramin rami mai siminti a kusurwar, tare da ɗan injin tura ruwa zuwa kwata, wanda ke bukatar wuta a daren da aka fi ɗauke ta, ko bututu ta filin maƙwabcin da ke ƙasa da kai, da yardarsa, a rubuta a gaban mai unguwa don gobe magada. Ko wacce ka bi, ka tambayi kanka: ran da ruwa ya fi ƙarfin duk abin da na gina, ina zai bi? Kano ta ga ruwan Agustan 1988 da ya fasa madatsar Bagauda. Ba wanda ke gina gida don irin wannan, amma ɗan dakali na layin bulo ɗaya a ƙofar falo da ta kowane ɗakin da ke buɗewa tsakar gida yana ba ka awoyi kafin ruwa ya kai ga katifa.

Bangon da ke da danshi ka ƙyale shi bana. A kankare filastar da ta rube, a bar shi ya sha iska, in an raba shi da ruwa zai bushe a ranin gaba, sannan a sake. Kada ka liƙa masa tayil, danshin hawa zai yi ya fito a saman tayil ɗin.

Tankin ƙasa na Yaya shawara ce mai kyau a gidan da ba naka ba, ko a naka nan da wasu shekaru. Wanda zai ɗauki lita 36,000 rami ne mita huɗu da huɗu, zurfi fiye da mita biyu, da rodi da kankare, kusan kuɗin ɗaki. A fili mai kwari da ruwa ke kwanciya, ga sokawe a kusa, tsaga ɗaya ta isa ruwan ƙasa ya shiga ya ɓata na ciki. Burtsatse kuma yawancin Kano a kan dutse take, ana haƙawa a tarar da ruwa kaɗan ko babu, sai an yi awo tukuna, kuma ko ta yi ruwa ba ta hana Agusta shigowa ta ƙofa. In kuna so, ku haɗa kuɗi ku 'yan layin ku yi guda.

Uwargida kada ka kai mata wannan a matsayin an ƙi shawararta. Ka zauna da ita da takardar lissafin, ta ga tankin na nan, ƙarami ne kawai, kuma ita ta zaɓi inda famfon zai kalla tunda ita da yara za su riƙa ɗiba. In adashin ya ƙare a katangar Baba da makwarari da tudun ƙofa, a gina dandamalin a ɗora duro biyu ko uku masu murfi a kai, tanki ya biyo baya da kuɗin jarkokin da ba ku saya ba. Hasashen da hukumar kula da yanayi ta ƙasa, NiMet, ke fitarwa farkon kowace shekara zai nuna maka lokacin da ake sa ran saukar damina a Kano, ka yi nufin gamawa kafin ƙarshen Mayu. Ran da aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ka ɗauki lema da tocila ka zagaya ta gefen Baba yana cikin zuba, ka duba gindin katangar da idonka, ka bi bututun har kwata. Duk inda ka ga yana ɗiga ka yi masa alama da gawayi, washegari ka kira mai aikin.